Turaku Bakwai da Na Tsige Ranar Juma'a

Da sunan Allah na ɗauki alƙalamin nan. Lawali, da kai nake. Tun da na haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ɗan fari ne kai, amma takarda ba ta san kunya ba, ga shi nan na rubuta. Barira, ke ma matso ki ji. Yau kwana goma sha biyu da binne Agali, Buzun nan maƙwabcinmu na garka, kuma kai ƙafarka ba ta taka ƙofar gidansa ba. Na aiki ƙanwarka ta yi maka magana, ka ce mata kai ba ka zuwa gaisuwar mutuwar ɓarawon gona. To, ɓarawon gona bai mutu ba. Yana nan zaune bisa tabarma da ciwon gwiwa, shi ke rubuta maka wannan.

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda muka baro Damagaram ba, kun ji shi har ya ishe ku. Abin da nake so ku tuna shi ne garkar, lambun nan namu. Sa'ad da ubanku ya bar aikin kamfanin uraniyum, ƙirjinsa ya ƙi, sai ya samu wannan fili a arewacin Arlit, can ƙarshen garake, inda in ka ɗaga ido ba ka ganin komai sai tsakuwa har iyakar duniya. Shi da Agali suka kwashe duwatsun wurin da hannu, yau a yi na wannan, gobe a yi na wancan. Takin awakin Agali ne ya mai da wurin ƙasa. Kuma ba filin kama-karya ba ne, da takardarmu ta meri, gidan magajin gari, da tambari da komai, tana cikin leda a ƙasan akwatina. Ubanku ya kawo 'ya'yan dabino biyar daga Ingal ya dasa, ya rasu bai ci ko ƙwaya ɗaya ba. Ni na ci. Da albasa da salati da tumatir ɗin wurin na kai ku lakwal kuka yi boko, na aurar da Barira. Amma ruwa, ruwa shi ne ciwon raina. Kun san a garin nan ba a noma da sama. Ruwan da gidajen ma'aikata suka yi amfani da shi ake tacewa a sako mana ta kwata, kowa da layinsa. Garkar Agali ce gabanmu, mu ne wutsiya. Kafin ruwa ya iso gare ni ya gaji, wata rana laka kawai nake gani tana rarrafowa. Akwai kuma wata ƙa'ida ta 'yan garka, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: duk wanda tiyon kamfani ya ratsa ta cikin garkarsa, yana da ikon sa kan famfo a wurin, ba ya bin layin kowa. Mutum biyu na sani da suka yi wannan sa'a, kabewarsu sai an ɗauka da hannu biyu. Shekara da shekaru ina kallon su ina haɗiyar yawu.

Sai waccan shekarar ta zo, wadda tawayen Buzaye na biyu ya tashi. Ku kun san ta daga rediyo, ni na san ta daga kasuwa. Hanyar Agadas sai da rakiyar soja, a jera motoci kamar jerin gwano. Nakiya a hanya. Mutum ya fita da safe, sai a kawo takalminsa. A shekarar ce kuma aka ce ƙarfen uraniyum ya yi daraja, baƙin kamfanoni suka cika gari, kowa ka taɓa sai ya ce za a buɗe sabon rami, za a gina sabbin gidaje, za a ja sabon ruwa. Tsoro a hannun dama, kwaɗayi a hannun hagu, haka muka yi ta tafiya. Kai kana Cirozerin kana tuƙa kamiyon gawayi, sai wata-wata muke ganin ka.

Wata Laraba da hantsi mutum uku suka shigo garake da wani abin hange mai ƙafa uku, soja biyu na bin su. Ba mu yi mamakin sojan ba, lokacin ko mai gyaran wayar lantarki da soja yake yawo. Suna dubawa, suna kafa turakun ƙarfe masu jan fenti a ka. Layin ya taho daga gabas, ya ratsa tsakiyar garkar Agali, ya wuce yamma. Tawa ko kallon ta ba su yi ba. Na cika kwano da tumatir na kai musu.

Na ce, “Samari, sannunku da rana. Me za a yi mana?”

Babbansu ya ce, “Aikin gwamnati ne, Inna.”

“Ruwa ne?”

Ya yi dariya ya ciji tumatir. “Inna, ni awo aka sa ni, ba a sa ni magana ba.”

Wannan dariyar ita ta kashe ni. Na ɗauka dariyar mai ɓoye albishir ce. Kafin la'asar magana ta gama garake. Wani mai kabu-kabu ya rantse ya ga manyan tiyo bisa kamiyo a bakin Akokan, garin kamfani da ke gefenmu. Shugaban 'yan garka ya ce tun bara ya ji ƙishin-ƙishin. Mata suka yi ta zuwa suna yi wa Gaisha, matar Agali, barka. Ni ma na je na yi, da haƙorana a waje, cikina kuwa kamar an zuba garwashi. Na ce a raina: wannan yana da awaki, yana da 'ya'ya maza uku a gida, ruwa na iso masa kafin ni, kuma shi Allah zai ƙara wa? Ni bazawara, ni wutsiyar layi? Kun ga irin hisabin da na yi wa Ubangiji. Kwana biyu ina juya abin.

Ranar Juma'a na yi. Na jira aka kira salla, garake suka zama wayam, duk maza sun tafi masallaci, mata sun shige inuwa. Wa zai fito a tsakar ranar Arlit? Ko ƙadangare ba ya yi. Na ɗauki fartanya da dutse na tsallaka shingen Agali. Turaku bakwai na tsige. Ƙarfen ya sha rana, yana kama tafin hannu kamar bakin tukunya, ban ko ji ba. Na ja su waje, na kakkafa su a cikin tawa garkar, ta gefen dabino, don famfon ya zo kusa da gindinsu. Kuma ban yi aikin banza ba. Shekara ashirin ina jera fangalin albasa, idona ya san layi. Ban karya shi lokaci ɗaya ba, na lanƙwasa shi sannu-sannu, kowane turke ya ɗan fi ɗan'uwansa fitowa, har ya koma ya haɗu da na yamma. Na cike ramukan da ƙafa. Kafin a sallame ina gida. Barira, kin tuna ranar da kika zo gida kika shafa mini man shanu a tafin hannu, na ce miki tukunyar wake ce ta ƙone ni? To ba wake ba ne.

Ranar Litinin katafila ta iso. Ba masu awon ne suka zo da ita ba, wani direba ne daban, shi turaku kawai yake bi. Da na hango ta ta nufo garkata, wallahi guɗa na yi. Ku ji da kyau, guɗa na rangaɗa, har matan garake suka fito suna cewa ashe Rabi ce mai sa'a, ashe an canza layi. Ina tsaye ina gyara ɗaurin kallabi kamar uwar amarya. Ta kafa baki a ƙasa ta kwashe fangalin salati. Na ce ba komai, tiyo na son wuri. Ta dawo ta kwashe albasa. Ta sake dawowa. Ramin yana faɗi, yana zurfi, ƙasar da ta kwaso tana tara ta gefe kamar tudu. Sai na ga ta juya ta dafa dabinon farko. Na ruga, zanena na kwancewa, na tsaya gabanta ina ɗaga hannu. Direban ya kashe inji ya leƙo.

“Tsohuwa, kin gaji da duniya ne?”

Na ce, “Ɗana, wane irin tiyo ne mai wannan faɗi?”

“Tiyo? Wane tiyo?”

“Na ruwa.”

Ya dube ni, ya dubi sojan da ke gefensa. Ya ce, “Inna, ba a gaya muku ba? Ganuwa ake yi wa gari. Rami da tudu, tun daga nan har bayan Akokan, kar motar kowa ta shigo ta arewa sai ta ƙofar soja. Matsa don Allah, ina da sauran aiki.”

Ban san na zauna ba, sai na ji zafin ƙasa a jikina. Ba kuka na yi ba. Bakina ne ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ina kallo dabino biyar suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, saiwarsu a sama, da 'ya'ya a jikinsu ba su nuna ba. Ƙasar nan baƙa da ubanku ya yi da hannunsa aka tura ta ƙarƙashin tudu, aka fito da farin dutse aka shimfiɗa a sama. Kafin azahar babu garka. An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Nawa katafila ce ta gina, raƙumi ya faɗa ba ya fita. Da na bar turakun inda suke, da garkata ta faɗa bayan rami, gaskiya ne, amma da itatuwana suna tsaye. Waɗanda aka bari a waje sun sha wuyar zagayawa ta ƙofar soja, da aka yi sulhu suka koma abinsu. Wanda aka haƙa ta cikinsa, shi ne ya tashi ba komai. Da na ɗaga kai, sai ga Agali tsaye a bakin shingensa, rawani ya rufe masa fuska sai ido. Garkarsa lafiya lau a cikin gari, ko ganye bai faɗi ba. Ya dube ni, na dube shi.

Bayan kwana uku ka iso daga Cirozerin, idonka ja. Ka ce in ɗauko takardar, muka tafi meri. Wani ma'aikaci mai tabarau ya karɓe mu, mutumin kirki, har kujera ya ba ni. Ka buga masa takardar bisa tebur.

Ka ce, “Wannan ba tambarinku ba ne? Filin ubana ne ko ba nasa ba ne?”

Ya ce, “Nasa ne, ba wanda ya musa.”

“To da wane iko?”

Ya ce, “Malam, takardar nan tana kare ku daga maƙwabci, tana kare ku daga ɗan'uwa. Ba ta kare ku daga gwamnati. In gwamnati ta ce amfanin jama'a ne, ko tsaron ƙasa, tana da ikon karɓa, ko gidana ne. Abin da ke kanta shi ne ta sanar, ta kuma ba da wani wuri a madadin. Kuma an sanar.”

Na ce, “Wa aka sanar? Ni dai ba wanda ya zo ƙofata.”

Ya nuna taga. “Tana manne a bangon nan na waje tun kafin azumi.”

Jama'a, bangon nan. A gindin bangon nan nake baza salatina kowace safiya. Takardar nan na san ta, har na taɓa gyara mata gefe da iska ta ɓalle shi, don tana yi wa tirena inuwa. Watanni ina zaune ƙarƙashin labarin ramin, ina korar ƙuda. Ban gama haɗiye wannan ba, sai mai tabarau ya buɗe babbar taswira, ya bi layi da yatsa, ya buɗe jerin sunaye, ya bi, ya sake bi. Ya cire tabarau.

Ya ce, “Sunan mahaifinku ba ya cikin waɗanda aka karɓi filinsu. A nan, layin ta garkar wani Agali ya bi.”

Ka ce, “Je ka gani da idonka ta inda ya bi!”

Ya ce, “To wani ya taɓa turakun.”

Lawali, na ga fuskarka a lokacin. Na ga sa'ad da abin ya faɗo maka. Ka miƙe har kujera ta kife.

“Buzun nan! Shi ya tura mana! Ya ceci tasa ya kashe tamu!”

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma uku ce: ni na yi. Amma mai tabarau ya riga ya ce taɓa alamar soja a lokacin yaƙi ba maganar meri ba ce, maganar bariki ce. Da na ji bariki, sai na haɗiye su. Kai kuma ba ka tsaya ba, ka ja hannuna har can. Aka shigar da mu wurin wani kapitan, yaro ne, bai fi ka ba, ya yi kama da wanda bai yi barci ba tun sati. Ya saurare ka har ka gama. Ya ce su ma sun lura ramin ya yi ciki a wurin kamar akuya mai juna biyu, sun ɗauka sakacin direba ne. Sai ya juyo gare ni.

“Inna, ke ce kullum a garkar. Kin san wanda ya taɓa turakun nan?”

Na ɓoye hannuwana cikin mayafi, don ƙunar ba ta warke ba.

Na ce, “Ban sani ba.”

Ga ta nan. Na rubuta ta da hannun da ya yi aikin. Ba ruɗewa na yi ba, ba mantuwa ba ce. Na san lokacin da ake ciki sarai. Na san a shekarar nan mai rawani irin na Agali ko tari ya yi sai an tambaye shi wa yake yi wa alama. Na sani, na ce ban sani ba. Suka je garkar suka duba. Inda turakun suke da, ba sawun mutum ko ɗaya, sai sawun awaki birjik. Awakin wa? Na Agali. Kashegari da safe suka zo da mota suka tafi da shi, yana riƙe da butar alwala.

Da yamma Gaisha ta zo gidanmu. Matar da ta yi mini wankan jego na Barira, don ba ni da kowa a garin nan. Ba ta zauna ba.

Ta ce, “Rabi, ke kin san shi. Shekara nawa? Ko tumatir ɗinki ya faɗo ta shingenmu, mai da miki yake. Ki je ki gaya musu ba halinsa ba ne. Ke Bahausa ce, za su ji taki.”

Na ce mata zazzaɓi nake yi. Na ja bargo na juya wa bango fuska. Na ji ta tsaya, ta tsaya, sannan na ji ƙarar ƙofa.

Sati uku da 'yan kwanaki yana can. 'Ya'yansa maza sun ɓuya, don tsoron kar a haɗa da su. Ni na riƙa zuwa ina karɓar masa layin ruwa, ina ba albasarsa. Ka tuna faɗan da ka yi mini? Ka ce, Inna, wane irin zuciya gare ki, mutum ya cuce ki kina yi masa bauta? Mutanen garake kuwa suka yi ta cewa Rabi waliyyiya ce. Na sha wannan yabon ma, ban tofar ba. Da ba su sami komai a kansa ba suka sake shi. Ya dawo ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji. Bai faɗi abin da ya gani a can ba, ni ma ban tambaya ba. Rana ta uku da dawowarsa na same shi a garka, zaune bakin kwata yana dafa shayi. Kun san Hausarsa, mace da namiji duk kai ne a wurinsa. Ya miƙo mini ɗan kofi.

Ya ce, “Rabi, zauna ta nan, wannan kunnen ya tafi hutu.”

Na zauna. Na ce, “Sannu da dawowa.”

Ya ce, “Ka ba albasa ruwa da yawa. Ka kusa kashe shi.”

Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa buta. Sai ya nuna ƙafata da haɓa.

“Takalminka na hagu ya cinye ta gefe. Kana jan ƙafar. Tun rasuwar maigidanka kake jan shi. Ka sake takalmi.”

Kofin ya faɗi daga hannuna. Mutumin da ke duban ƙasa ya gaya maka raƙumin da ya wuce jiya na wane ne, kuma da kaya ko ba kaya. Shi na je na yi wa sata da ƙafata, a kan rairayi, da rana tsaka. Wace irin jaka ce ni?

Na ce, “Tun yaushe?”

“Tun Juma'ar. Na dawo masallaci na gani. Bakwai. Layin ya yi kyau, ko masu awo sai haka.”

“To awakin...”

“Ni na kora su a kai. Sau uku, gaba da baya.”

Na ce, “Don me, Agali? Don Allah don me?”

Ya ce, “Ni ma na ɗauka ruwa ne. Na ce, wannan yana da marayu, shi ne ƙarshen layi. Da ya tambaye ni da na ba shi, amma bakinsa ya fi ƙarfin roƙo. Na ce to, ya ɗauka. Sai dai kar 'yan garka su ga sawunsa su sa masa suna.” Ya yi 'yar dariya. “Ashe rami na ba ka kyauta. Ka yafe mini.”

Shi ke ce mini in yafe masa. A nan ne kukan da ban yi wa dabino ba ya zo. Na ce yanzu-yanzu zan tafi bariki in faɗa. Ya kama bakin mayafina, abin da bai taɓa yi ba.

“Zauna. In ka faɗa, su ɗauke ka, kunnena ya tafi a banza. Kuma yaronka, in ya ji ya sa an kama mutum a kan laifin uwarsa, ina zai sa kansa? Bari ƙura ta kwanta.”

Filin madadin ba a ba kowa ba. A takarda an karɓi na Agali, amma ga shi a hannunsa. A ƙasa an karɓi nawa, amma takarda ba ta sani ba. Mai tabarau ya ce a jira a gyara, har aka canza shi ba a gyara ba. Agali ya yanka mini fangali goma a cikin garkarsa, na gefen kwata, inda ruwa ke fara isowa. Da ka ji, me ka ce? Ka ce, kin gani ko, Inna, ɓarawo ya ji kunya. Na ce uhm. Da albasar fangalin nan aka yi sunan ɗanka na fari, ka ci, ka sha, ka wuce shi a hanya ba sallama. Shi kuwa in ka wuce sai ya ce mini, yaron nan tafiyar ubansa yake yi.

Kar ku ce shi ya hana ni magana. Ya ce a bari ƙura ta kwanta, kuma ta kwanta tun tuni. An yi sulhu, soja sun tashi daga ƙofar, iska ta cike rabin ramin, yau awaki ke kiwo a ciki, masu kabu-kabu sun yi hanya ta kansa. Ba wanda zai kama tsohuwa kan turakun da tsatsa ta cinye. Ba bariki nake tsoro ba, kai nake tsoro. Idonka. Na fi son ka tsani mutumin kirki da ka dube ni yadda kake duban sa. Kowace shekara sai in ce bayan salla. Har Allah ya ɗauke shi ban kai bayan sallar ba.

Bayan abin ne na shiga karatun manya, ni da jikokin mutane, malama na kama mini hannu. Na rantse ba za a sake manna takarda bisa kaina ina yi mata kallon inuwa ba. Shekara biyu na yi kafin in haɗa baƙi. Da na iya, na tafi bangon meri da ƙafata in gwada, sai na tarar duk da faransanci suke rubutawa. Ko a lokacin na iya, da ba ta cece ni ba. Na tsaya ina dariya ni kaɗai har wani ya tambaye ni ko lafiya. To ashe ba don bangon meri Allah ya koya mini ba. Don wannan takardar ce.

Gwamnati ta ci filina, wannan gaskiya ne, tana da ikon da ba ta tambayi kowa ba, kuma har gobe ban yarda an kyauta wa talakan da aka sanar da shi da harshen da ba ya ji ba. Amma ba ita ta kawo ramin gindin dabinon ubanku ba, kuma ba ita ta ce ban sani ba.

Lawali, in ka gama karantawa, ka yi fushinka, ka fasa abin da za ka fasa, na ba ka yau. Gobe da hantsi ka sa babbar rigarka ka zo. Barira, ki dafa abin sadaka. Gidan Gaisha za mu, tana cikin takaba, 'ya'yanta na nan, 'yan garka na nan zaune a ƙofa. Ni zan karanta wannan da bakina, a tsaye, tun daga sunanka har ƙasa. In ta kore ni, ta yi daidai. Kai kuma ka durƙusa ka yi gaisuwar da ka hana.

Kar ka zo da babur. Takalmin nan ban yar da shi ba, yana ƙarƙashin gadona, na hagun ya cinye ta gefe. Shi zan sa, da ƙafa zan je, ta cikin garake, ta bakin ramin. Wannan karon ba mai koro awaki a bayana.